Labarin aukuwa ko labarin hali: wanne za ka ba sa'o'inka a bana?

Idan mai karatu ya zauna a ƙarshen shekara ya jera ƙagaggun labaran da ya karanta, daga wanda ya fi burge shi zuwa wanda ya fi ɓata masa rai, akwai abin da kusan kullum yake fitowa fili. Littafin da ke can ƙasan jeri da wuya ya zama mai rubutu marar daɗi. Irin wannan tun a shafi na goma ake ajiye shi, kafin wata ya zagayo an manta sunansa. Wanda ke zama a ƙasa shi ne wanda ya kama mutum da kyau a farko, ya cinye masa dare biyar ko shida, sannan ya sake shi a tsakiyar hanya ko ya yi masa ƙarshen da bai dace ba. Sau da yawa na sama da na ƙasa kamanninsu ɗaya a babin farko. Bambancin yana cikin ginin labarin, kuma ana iya hango shi da wuri in an san inda za a duba.

Ƙagaggun labarai iri-iri ne, na soyayya, na bincike, na tarihi, na yaƙi, na almara. Amma ta fuskar abin da ke jan mai karatu daga wannan shafi zuwa na gaba, gida biyu suke. Akwai labarin aukuwa, wanda tambayar da yake dasa maka ita ce "sai me ya faru?" Akwai kuma labarin hali, wanda tambayarsa ita ce "me zai sa mutum ya aikata haka, kuma wane irin mutum zai koma bayan ya aikata?" Kowane littafi mai kyau yana da kaso daga gidajen biyu, sai dai akwai ƙafar da ya fi dogara a kanta, kuma yadda suke lalacewa ya sha bamban ƙwarai.

Ga misali guda da za mu riƙa komawa kansa. Likita ya yi kuskure a ɗakin tiyata, marar lafiya ta rasu, ya koma ofis ya canza abin da aka rubuta a fayil ɗinta. Marubucin aukuwa zai sa wata nas ta gan shi, washegari saƙo ya shigo wayarsa daga lambar da bai sani ba, kai kuma ka shiga lissafin wa ya aiko da yaushe asiri zai tonu. Marubucin hali zai bi shi gida, ya nuna maka shi zaune da 'ya'yansa ya kasa haɗa ido da matarsa, da safe kuma mijin marigayiyar ya zo asibiti yana yi masa godiyar ƙoƙarin da ya yi. Abu ɗaya ne ya faru, amma littattafai biyu ne mabambanta, kuma abin da kowanne ke nema daga gare ka daban ne.

Lissafin lokaci

Abin da mai karatu ke kashewa na gaske lokaci ne, don haka a fara da shi. A 2019 masanin nan ɗan ƙasar Beljiyam, Marc Brysbaert, ya tattara sakamakon bincike 190 ya gano cewa baligin da ke karanta ƙagaggen labari da Turanci a zuci yana cin kalmomi kusan 260 a minti ɗaya. Matsakaicin littafi yana tsakanin kalmomi 70,000 zuwa 100,000, shafi guda kuma yana ɗaukar 250 zuwa 300. Littafi mai kalmomi 90,000 ke nan sa'o'i shida ne, ƙasa kaɗan. Mai karatun minti talatin kullum yana da sa'o'i 182 a shekara, wato littattafai talatin irin wannan. Wanda kwana huɗu kawai yake samu a mako, sa'o'i 104 gare shi, littattafai goma sha bakwai.

Saurin kowa daban ne, harsuna ma ba ɗaya suke ba, saboda haka ka auna naka. Ka duba agogo, ka karanta shafi goma, ka sake dubawa. In shafi goma ya ci minti goma sha biyar, littafi mai shafi 400 sa'o'i goma zai ci maka. Kuma ka auna sau biyu, domin labarin aukuwa yana gudu: babi gajeru, hira da yawa, ido na tsallake abin da bai shafi ƙullin ba. Labarin hali yana tsayar da kai, kana komawa baya ka sake karanta sakin layi, wani lokaci ka rufe littafin ka yi shiru. Shafi 300 a nan ba daidai yake da shafi 300 a can ba.

Shafuka hamsin na farko

Wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a birnin Seattle na Amurka, Nancy Pearl, ta shahara da wata ƙa'ida mai sauƙi: in shekarunka ba su wuce hamsin ba, ka ba littafi shafi hamsin kafin ka yanke hukunci, in sun wuce, ka cire shekarunka daga ɗari, abin da ya rage shi ne shafukan da za ka ba shi. Ƙa'ida ce mai amfani, amma ba ta faɗi abin da za a duba a cikin shafukan ba, kuma a nan gidajen biyu suke rabuwa.

A labarin aukuwa, kafin shafi na talatin ya kamata ƙulli ya bayyana. Ka rufe littafin ka gwada faɗin abu uku a jimla ɗaya: me tauraro yake so, me ya tare masa hanya, me zai rasa in ya gaza. Likita yana so ya ɓoye kuskurensa, wani ya sani, in ta tonu aikinsa da 'yancinsa sun tafi. In jimlar ta fito sumul, marubucin ya san inda za shi. In kuwa ka kai shafi hamsin an yi harbi, an yi gudu, mota ta kife, amma ka kasa haɗa jimlar, to hayaniya ce kawai, kuma ba za ta daidaita a gaba ba.

Labarin hali ba a auna shi da wannan ma'auni. Ƙullinsa yana iya kaiwa shafi tamanin bai fito sarari ba, kuma ba laifi ba ne. Abin dubawa na farko shi ne zaɓi: tauraron ya yi wani zaɓi da ya ci masa wani abu, ko da ƙarami ne? Ya yi ƙarya inda gaskiya ta fi sauƙi, ya ƙi ɗaga waya, ya karɓi godiyar da ya san bai cancanta ba? Na biyu hira ce. Ka sa yatsa ka rufe sunayen masu magana a shafi guda, ka ga ko za ka gane wa ke magana. In uwa da ɗiya da direba duk bakinsu ɗaya, marubucin bai ji muryar mutanensa ba, kuma labarin hali da ba shi da muryoyi ba shi da komai. Na uku shi ne irin abin da idon marubucin yake gani. "Ɗaki mai kyau da kayan alatu" kowa zai iya rubutawa. Agogon bango da ya tsaya shekara biyu ba wanda ya taɓa shi tun ranar da maigidan ya rasu, wannan sai wanda ya shiga ɗakin da zuciyarsa.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne auna littafi da ma'aunin ɗaya gidan. Mutum ya ajiye labarin hali mai kyau yana cewa "ba abin da ke faruwa", ko ya raina labarin bincike don ɗan sandan cikinsa ba ya dogon tunani a kan rayuwa. Ka fara gane gidan da littafin ya fito, sannan ka yi masa hukunci.

Tsakiya, inda yawancin littattafai ke mutuwa

Babin farko shi ne wanda marubuci ya fi gogewa, domin shi ake aika wa edita, shi kuma mai saye yake leƙawa. Tsakiyar littafi ita ce ke nuna ainihin hannun marubuci a ranar da ba ya kwalliya. Shi ya sa shawarar da ake jingina wa marubucin Ingila Ford Madox Ford take da hikima: ka buɗe shafi na 99 ka karanta. Lambar ba dole ba ce. Ka buɗe wajen kashi ɗaya cikin uku na littafin, ka karanta shafi biyu. Ba za ka ɓata wa kanka labarin ba, tunda ba ka san mutanen ba tukuna, amma za ka ji ko rubutun yana da rai.

Labarin aukuwa yana lalacewa a tsakiya ta hanyoyi sanannu. Ta farko maimaici ne da aka sauya wa riga: an sace tauraruwa, an ceto ta, an sake sace ta a wani gari, an sake cetowa. Hatsarin yana ƙara girma a baki, amma matsayin kowa bai canza ba. Dalili shi ne marubucin yana da farko da ƙarshe a kansa, amma ba shi da abin da zai cike shafi ɗari biyu na tsakani. Ta biyu ita ce mayar da taurari wawaye don labari ya ci gaba. Mutum biyu sun yi shafi 150 suna gaba a kan rashin fahimtar da magana ɗaya za ta warware, kuma babu wani dalili a halinsu da zai hana su yin maganar. Mai karatu yana jin wannan a jikinsa, shi ne lokacin da yake fara tsaki. Ta uku dace ne. Dacen da ya jefa tauraro cikin matsala ana karɓarsa, domin rayuwa na yin haka. Dacen da ya fitar da shi daga matsala kuwa cuta ce. In likitan nan ya shiga lif ya tarar da mijin marigayiyar, labari ya ƙara zafi. In kuwa gobara ta tashi ta cinye fayil ɗin daidai ranar da masu bincike za su zo, an raina maka hankali.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ka ba kanka labarin babi biyar da ka karanta a jere, ka lura da kalmar da ke haɗa su. In "saboda haka" da "amma" ne, ginin yana da ƙarfi. In "sannan kuma", "sannan kuma" ne, to babi na 14 da na 19 za su iya musayar wuri ba abin da zai rushe, kuma littafin da ake iya yi wa haka tsakiyarsa matacciya ce.

Cutar labarin hali daban ce, kuma ta fi wuyar ganewa domin takan zo cikin kyakkyawan rubutu. Tauraron yana nan inda yake, yana juya tunani ɗaya daga babi zuwa babi. Likita ya ji nauyin laifi a shafi na 60, ya ji shi a na 120, ya sake jin sa a na 200, da kalmomi masu daɗi kowane karo, amma bai yi komai da nauyin ba. Bai nemi ya faɗa wa kowa ba, bai ƙara nutsewa cikin ƙarya ba, bai huce a kan wani marar laifi ba. Hali ana ganinsa ne a aiki. Tunanin da bai haifi aiki ba yana gajiyar da mai karatu ko da an rubuta shi da zinariya. Sai yawan waiwaye. Waiwaye adon tafiya ne, gaskiya, amma in kowane babi rabinsa yarintar tauraro ce, tafiyar ta tsaya ke nan. Sai kuma wa'azin marubuci, inda ya ture mutanensa gefe ya fito da kansa yana gaya maka darasin da ya kamata ka ɗauka.

A laccocin da ya gabatar a Jami'ar Kambirij a 1927, marubucin Ingila E. M. Forster ya raba taurarin labari gida biyu: masu fuska ɗaya, da cikakku masu fuskoki da yawa. Ma'aunin da ya bayar har yau bai tsufa ba: cikakken tauraro shi ne wanda zai iya ba ka mamaki ta hanyar da za ka yarda da ita. In bai taɓa ba ka mamaki ba, mai fuska ɗaya ne. In ya ba ka mamaki amma ka kasa yarda, to mai fuska ɗaya ne da aka yi wa shigar cikakke. Labarin aukuwa yana iya tafiya lafiya lau da masu fuska ɗaya, mugu mugu ne, jarumi jarumi ne, ba wanda zai yi ƙorafi muddin ƙullin yana da kyau. Labarin hali kuwa in tauraronsa ya faɗi wannan gwaji a tsakiyar littafi, ka ajiye shi, babu abin da ke jiranka a gaba.

Ƙarshe, da dalilin da ya sa yake rinjayar jerin shekara

A 1993 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun yi wani gwaji. Sun sa mutane tsoma hannu a ruwa mai sanyin digiri 14 na daƙiƙa sittin. A wani zagayen kuma daƙiƙa sittin ɗin nan dai, sannan aka ƙara talatin ana ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka tambaye su wanne za su maimaita, mafi yawansu sun zaɓi mai tsawon, duk da cewa wahalarsa ta fi yawa, domin ƙarshensa ya fi sauƙi. Ƙwaƙwalwa tana hukunta abin da ya wuce ne da lokacin da ya fi tsanani da kuma yadda ya ƙare, tsawonsa ba ya cika damun ta. Haka take yi wa littattafai. Shafi 350 na jin daɗi da shafi 30 na ƙarshe marar kyau, a watan Disamba shafi talatin ɗin za ka tuna.

A nan labarin aukuwa ya fi shiga hatsari, domin duk abin da ya tara bashi ne da ya ci a wurinka, ranar biya kuma ita ce babin ƙarshe. In amsar "wa ya aiko da saƙon?" ta fito raunanna, duk daren da ka hana kanka barci ya koma asara. Wannan matsala tsohuwa ce. A wasannin kwaikwayon Girka ta dā akan sauko da wani abin bauta a kan dandamali da ƙugiya ya warware rikicin da marubuci ya kasa warwarewa, kuma tun a lokacin masanin falsafa Aristotle ya soki haka, ya ce warwara daga cikin labarin ya kamata ta fito. A 1929 marubucin Ingila Ronald Knox ya rubuta ƙa'idoji goma na labarin bincike. Daga cikinsu: dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kada dace ya taimaki mai bincike, kada a fito da tagwaye sai an shirya mai karatu tun da wuri. Shawarar marubucin Rasha Anton Chekhov ma ta wannan layi ce, cewa bindigar da aka rataye a bango a farkon wasa dole ta tashi kafin a rufe labule. Ƙarshe mai kyau a wannan gida shi ne wanda ba ka hango shi ba, amma da ya zo ka koma baya ka ga alamunsa a shimfiɗe tun babi na uku. Marar kyau yana zuwa da baƙon fuska a shafi ashirin na ƙarshe, ko wasiƙar da ta bayyana komai, ko mugun da ya tsaya yana zayyana yadda ya shirya makircinsa, ko, mafi muni, a ce duk mafarki ne.

Labarin hali shi ma yana ɓata ƙarshe, ta hanya biyu. Ko dai ya tsaya cak ba tare da ya rufe komai ba, marubucin yana ganin hakan zurfi ne, ko kuma tauraron ya yi tubar farat ɗaya da ba a gina ta ba: mutumin da ya yi shafi 300 yana ƙarya ya tashi wata safiya ya koma mai gaskiya don littafi ya kusa ƙarewa. Amma ɓarnar ba ta kai ta ɗaya gidan ba, domin abin da ya ba ka ya riga ya ba ka a hanya. Zaman likita da mijin marigayiyar yana nan a ranka ko da babin ƙarshe ya yi rauni.

Daga nan ake gane siffar jerin yawancin masu karatu. Ƙasan jeri labaran aukuwa ne da suka karya alkawari. Tarin waɗanda ba a gama ba yawanci labaran hali ne da suka tsaya wuri ɗaya. Sama kuwa, a ganinmu, mafi yawan lokuta littafin da aukuwarsa ta fito daga halin mutanensa ne yake hawa: asirin likita ya tonu domin shi da kansa ya kasa daina zuwa gaishe da mijin matar, har ya faɗi abin da wanda ya karanta ainihin fayil ɗin ne kaɗai zai sani. Irin wannan shi ake iya sake karantawa. Labarin da amsar tambaya ce kawai jarinsa, da ka san amsar ya gama aiki.

Ana iya hango matsalar ƙarshe ba tare da an leƙa shi ba. In saura shafi talatin kuma manyan ƙulli huɗu suna nan a ɗaure, ɗaya cikin biyu ne: ko a warware su a gurguje, ko a tura ka littafi na biyu. Saboda haka tun kafin ka fara, ka bincika ko littafin shi kaɗai ne ko na farko ne a jerin uku, kuma ko sauran sun fito. Ra'ayoyin masu karatu a shafukan intanet irin su Goodreads, inda ake ba littafi tauraro ɗaya zuwa biyar, suna taimakawa in an san yadda ake karanta su. Masu ba da tauraro biyar yawanci yabo ne zalla, masu ba da ɗaya fushi ne zalla. Ka nemi masu tauraro uku, su ne ke faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba. In mutum biyar da ba su san juna ba duk sun ce ƙarshen an yi shi a gaggauce, ka yarda da su.

Labarin da ake saki kashi-kashi

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana ƙara wa cutar labarin aukuwa ƙarfi. Tsarin ba sabo ba ne. Daga 1836 marubucin Ingila Charles Dickens ya riƙa fitar da manyan labaransa wata-wata, shafi 32 kowace fitowa, kashi ashirin cikin wata goma sha tara, na ƙarshe ninki biyu. A Faransa ta wannan zamani jaridu suna buga labari a gindin shafi, suna biyan marubuta irin su Alexandre Dumas gwargwadon layukan da suka cike. Yau manhajoji irin su Wattpad, wadda aka kafa a Kanada a 2006, sun dawo da tsarin cikin waya.

Abin lura shi ne Dickens ya san kashi ashirin zai yi ya tsaya. Marubucin intanet sau da yawa ba shi da wannan iyaka, kuma duk abin da ke kewaye da shi yana tura shi ya tsawaita: masu karatu na neman ƙari, kowace fitowa dole ta ƙare a kan gaɓar da za ta dawo da su, babin da aka riga aka saki kuma ba a iya komawa a gyara shi don ya dace da abin da ya zo daga baya. Sakamakon shi ne taurarin da suka ɓace ba bayani, mugun da aka kashe ya dawo, da labarin da ya kai kashi na 90 marubucin ya gaji ya rufe shi a kashi biyu, ko ya bar shi a buɗe har abada. Daɗin jira tare da sauran masu karatu daɗi ne na gaske, ba mu raina shi ba. Amma wanda ke da littattafai goma sha bakwai kacal a shekara ya fi masa ya jira a kammala, ya tambayi waɗanda suka kai ƙarshe, ya kuma san adadin kashin kafin ya fara.

Fassara da sauti

Labarin aukuwa yana jure fassara mai rauni, tunda ƙullin yana nan ko jimlolin sun yi tauri. Labarin hali ba ya jurewa, domin muryoyin su ne ke fara mutuwa. In littafi yana da fassara biyu, ka karanta shafi ɗaya na hira a kowacce kafin ka zaɓa. A littafin sauti kuma, mai karantawa yana tafiya da kalmomi kusan 150 a minti, wato littafin sa'o'i shida ya koma goma. Labarin aukuwa mai tafiya a miƙe yana dacewa da kunne. Mai yawan waiwaye da taurari ashirin yana wahalar da shi, domin kunne ba ya iya komawa shafi uku baya ya duba wane ne wane.

To wanne za ka ɗauka?

Ya danganta da irin lokacin da kake da shi fiye da yawansa. In karatunka na minti goma-goma ne, a mota ko kafin barci ya ɗauke ka, ko kuma ka daɗe ba ka gama littafi ba kana so ka dawo, ɗauki labarin aukuwa wanda bai wuce shafi 300 ba, kammalalle, mai tsayawa shi kaɗai. Gajerun babinsa sun dace da gutsattsarin lokaci, ƙullin kuma zai riƙe maka zaren ko ka yi kwana uku ba ka buɗe ba. Labarin hali yana son zama na aƙalla minti arba'in, sau uku ko huɗu a mako. In ka ba shi minti goma-goma za ka ce ba shi da daɗi, alhali yanayin karatun ne bai dace da shi ba. Kada kuma ka jera manya biyu na hali a jere, ko labaran bincike biyar na marubuci ɗaya. Na farko gajiya yake kawowa, na biyu kuma kafin littafi na uku ka gane dabarar marubucin, kana hango mai laifi tun babi na huɗu.

Game da ajiye littafi, wuraren yanke hukunci biyu ne. Na farko shafi hamsin. Na biyu tsakiyar littafi, inda za ka yi gwajin "saboda haka" ga labarin aukuwa, ko gwajin Forster ga labarin hali. Abin da ke hana mutane ajiyewa a tsakiya shi ne tunanin sa'o'in da suka riga suka kashe, amma waɗannan sun tafi ko ka gama ko ba ka gama ba. In littafin na sa'o'i goma ne, sa'o'i biyar da suka rage su ne a hannunka, kuma sun kusa isar wani littafin sukutum.

Don jerin ƙarshen shekara ya fito daidai, ranar da ka gama kowane littafi ka rubuta layi biyu: abin da ya fi tsaya maka a rai, da inda ya fi ba ka haushi, tare da lambar shafin. Bayan wata guda ka koma ka ƙara layi na uku ba tare da ka buɗe littafin ba, ka rubuta abin da ka tuna. Wani littafin da ka gama da ƙarfe biyun dare zuciya na bugawa, za ka tarar ko sunan tauraronsa ya ɓace maka. Wani kuma da ka yi ta ja da ƙyar a shafuka tamanin na farko, za ka tarar kana iya faɗin abin da ke kan teburin a daren da matar likita ta tambaye shi me ke damunsa ya ce ba komai.